Katin Ƙungiya ko Takardar Sallama: Ma'aikatan da Suka Ƙi Yarda a Yi Musu Dole

A shekarar 1976 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, British Rail, ta miƙa wa wani dattijon ma'aikacinta mai suna Ronald Webster takardar sallama. Ya shekara 18 yana yi mata aiki, shekarunsa na haihuwa sun haura 60, ritaya ta kusa. Ba a kama shi da sata ba, ba a ce yana fashin aiki ba, ba a kuma same shi da sakaci ba. Laifinsa guda ɗaya ne: an ce ya yanki katin ƙungiyar ƙwadago, ya ce ba zai yanka ba.

A cikin shekarar aka kori wasu mutum biyu, Ian Young da Noel James, kan wannan laifi. Dukkansu sun kama aiki ne tun ba a kafa sharaɗin ba. Sai a 1975 hukumar ta ƙulla yarjejeniya da manyan ƙungiyoyi uku na ma'aikatan jirgin ƙasa, cewa daga nan gaba wanda ba ɗan ɗayansu ba ne ba shi da gurbi. Bayan gyaran da aka yi wa dokar ƙasar a 1976, mutum ɗaya kaɗai aka ɗauke wa, wato wanda addininsa ya hana shi shiga kowace irin ƙungiya.

Kowannensu da dalilinsa. Young bai yarda da aƙidar siyasar da ƙungiyar take yi wa hidima ba. James bai gamsu da yadda ta bi wani ƙorafin albashi ba. Shi kuwa Webster yana ganin ƙungiyoyin zamaninsa sun daina sauraron ƙananan ma'aikata, kuma shiga ko ƙin shiga abu ne da ya kamata a bar wa mutum da zuciyarsa.

Suka kai kukansu Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg a Faransa. Ranar 13 ga Agustan 1981, alƙalai 18 daga cikin 21 suka ce an zalunce su. A ganin kotun, a tsare mutum da barazanar raba shi da hanyar abincinsa don ya shiga wata ƙungiya, tauye masa 'yancin ƙungiya ne tun daga tushe.

Tambayar da mutanen nan suka ɗora a gaban duniya har yau ba ta tsufa ba. Ƙungiyar da aka kafa don ta kare ma'aikaci, tana da hurumin ce masa ko ya shigo ko ya rasa aikinsa?

Hujjar masu cewa dole ne

Adalci ne a fara tuna inda ƙungiyoyi suka fito. A 1834 an kama leburorin gona shida a ƙauyen Tolpuddle na Ingila, aka yanke musu hukuncin kora zuwa Ostireliya na shekara bakwai, saboda sun yi rantsuwar haɗa kai kan ragin lada. Ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a mahaƙar kwal ta Iva Valley da ke Inugu, suka kashe ma'aikata 21. Ƙayyade awannin aiki, hutun ƙarshen mako, diyyar wanda inji ya cinye wa hannu, duk da gumi da jini aka samo su. Wanda ya san wannan tarihi ba zai raina ƙungiya ba.

Hujjar shugabannin ƙwadago ta farko ita ce ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Yan ƙungiya ne suke biyan kuɗin wata-wata, su ɗauki lauya, su shiga yajin aiki a riƙe musu albashi, 'ya'yansu su kwana da yunwa. Ranar da aka yi ƙarin albashi kuwa, wanda bai ba da sisi ba, bai kuma rasa albashin yini ɗaya ba, shi ma sai ya miƙa hannu. Idan kowa ya ga ana cin bulus, wa zai ci gaba da biya?

Hujja ta biyu ita ce ta tsintsiya. Mai kamfani yana da kuɗi, yana da lauyoyi, yana iya jira. Ma'aikaci ba shi da komai sai haɗin kai. In aka bar ƙofa a buɗe, mai kamfani zai riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya, wannan da alƙawarin girma, wancan da barazana, har maɗaurin ya kwance.

Masu adawa da tilas ba su musanta ko ɗaya ba. Abin da suke cewa shi ne maganin ya zo da tasa cutar, ta fuskoki uku.

Ta farko, ƙungiya ba ta tsayawa kan albashi. Tana da jam'iyyar da take mara wa baya, tana da matsayi kan haraji da zaɓe da manufofin ƙasa. Wanda aka tilasta masa biya, an ari bakinsa ne an ci masa albasa.

Ta biyu, shugaban da kuɗi ke shigo masa ko ya yi aiki ko bai yi ba, sannu a hankali yakan daina jin tsoron mambobinsa. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da wata sanda da zai ɗaga wa shugaban ƙungiya da ta wuce ya ce, "Na fita, a daina cire kuɗina." In aka ƙwace wannan sanda, ya zama yana da iyayen gida biyu.

Ta uku, wanda aka ba makullin ƙofar aiki yana iya rufe ta ga wanda ya ga dama. A birnin Bristol na Ingila, reshen ma'aikatan bas na babbar ƙungiyar sufuri ya zartar da ƙuduri a 1955 cewa kada a ɗauki baƙar fata ko ɗan Asiya aikin direba ko kwandasta, kamfanin kuma ya bi. Sai da baƙaƙen fatar birnin, ƙarƙashin jagorancin Paul Stephenson, suka ƙaurace wa motocin na wata huɗu a 1963 kafin a janye wariyar.

Hunturun da ya juya Birtaniya

A 1979 'yan ƙungiyoyin ƙwadago a Birtaniya sun kai miliyan 13, kuma kimanin miliyan biyar daga ciki suna aiki ne a wuraren da ba a zama sai da kati. A wasu sana'o'in, irin su ɗab'i da aikin tashar jiragen ruwa, sai ka mallaki katin kafin a saurari neman aikinka.

Hunturun 1978 zuwa 1979 ne ya sauya zukata. Gwamnatin James Callaghan ta jam'iyyar Leba ta ce ƙarin albashi kada ya wuce kashi 5 cikin 100, alhali tsadar kaya ta zarce haka. Yajin aiki ya ɓarke ko'ina: direbobin manyan motoci, ma'aikatan asibiti, masu kwashe shara. Bola ta taru a dandalin Leicester da ke tsakiyar Landan. A Liverpool masu haƙa kabari suka ajiye aiki, aka riƙa tara gawarwaki a wani ginin masana'anta ana jiran ranar da za a binne su. Yawancin masu yajin talakawa ne masu ƙaramin albashi, kukansu kuma gaskiya ne. Amma iyalin da aka hana binne mamacinsu ba sa jin bayani. A watan Mayun 1979 Margaret Thatcher ta ci zaɓe.

Ba ta rusa tsarin sai-da-kati a rana ɗaya ba. Dokar 1980 ta kare wanda ya ƙi shiga saboda aƙidarsa, ta kuma ce ba za a kafa sabon tsarin sai-da-kati ba sai kashi 80 cikin 100 na ma'aikatan wurin sun amince. Ta 1982 ta ce a riƙa sabunta wannan amincewa da ƙuri'a duk shekara biyar, ta kuma tanadi diyya ga waɗanda aka kora a baya. Ta 1984 ta wajabta ƙuri'ar sirri kafin yajin aiki. Ta 1988 ta haramta korar mutum don ba ɗan ƙungiya ba ne. Ta 1990 ta haramta hana mutum aiki saboda yana da kati ko ba shi da shi.

A tsakiyar wannan ne aka yi yajin mahaƙan kwal na 1984 zuwa 1985. Shugabansu Arthur Scargill ya kira yajin ba tare da an kaɗa ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya ba. Yawancin mahaƙan yankin Nottinghamshire suka ce tunda ba a tambaye su ba, za su ci gaba da aiki. Gaba ta shiga tsakanin wa da ƙane, maƙwabci da maƙwabci. A watan Nuwamban 1984, a yankin Wales, wasu masu yajin suka jefo ƙaton kankare daga kan gada a kan tasin da ke kai wani mahaƙi wurin aiki, direban mai suna David Wilkie ya mutu. Yajin ya ƙare ba nasara, aka rufe mahaƙu, garuruwa da dama suka durƙushe, wasu har yau ba su miƙe ba.

A ƙarshen 1989 ita kanta jam'iyyar Leba, wadda ƙungiyoyi suka haifa, ta janye goyon bayanta ga tsarin sai-da-kati. Wanda ya sanar da haka shi ne kakakinta kan harkokin ƙwadago na lokacin, Tony Blair. Jam'iyyar ta yi mulki daga 1997 zuwa 2010 ba ta dawo da shi ba.

Amurka: dala 45 da ta kai Kotun Ƙoli

A Amurka rigimar ta ɗauki wani salo. Dokar Wagner ta 1935 ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, guguwar yajin aiki ta 1945 da 1946 ta haɗa da ma'aikata kusan miliyan biyar. Majalisa ta mayar da martani da Dokar Taft-Hartley a 1947, duk da Shugaba Harry Truman ya hau kujerar na-ƙi. Dokar ta haramta sharaɗin mallakar kati kafin ɗaukar aiki, sannan ta bar wa kowace jiha damar haramta tilasta biyan kuɗin ƙungiya. Dokokin jihohin su ake kira dokokin 'yancin yin aiki. Arkansas da Florida ne suka fara tun a 1944, yau jihohi 26 ke da su.

A sauran jihohin an samo wata tsaka-tsakiya: ba dole ka zama mamba ba, amma dole ka biya ladan wakilci, tunda doka ta wajabta wa ƙungiyar ta wakilci kowa a wurin aikin, ɗanta da wanda ba ɗanta ba. Kotun Ƙoli ta amince da wannan ga ma'aikatan gwamnati a 1977, a wata ƙara da malaman makaranta na Detroit suka shigar, bisa sharaɗin kada a kashe kuɗin wanda ba mamba ba a harkar siyasa.

Shekara 41 ana tafiya a haka, har Mark Janus ya zo. Ma'aikacin gwamnatin jihar Illinois ne, a sashen da ke bin haƙƙin ciyar da yara. Bai shiga ƙungiyar AFSCME ba, amma duk wata sai ya ga an cire masa kimanin dala 45, wato kusan kashi 78 cikin 100 na abin da cikakken mamba ke biya. Hujjarsa ita ce, idan gwamnati ce mai ba da aiki, ba a iya raba ciniki da siyasa. Neman ƙarin albashi da fansho daga jihar da bashi ya yi wa katutu magana ce kan haraji da kasafin kuɗi, shi kuma bai yarda da abin da ake nema da sunansa ba.

Ranar 27 ga Yunin 2018 alƙalai biyar suka ba shi gaskiya, huɗu suka saɓa. Mai shari'a Samuel Alito, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce ba za a taɓa albashin ma'aikacin gwamnati don ƙungiya ba sai ya bayyana yardarsa ƙarara. Mai shari'a Elena Kagan, a madadin huɗun, ta yi gargaɗin cewa an tumɓuke tsarin da dubban yarjejeniyoyi suka dogara a kansa, kuma an ɗora wa ƙungiyoyi hidimar mutanen da ba za su biya ba.

Amurkawa ba su gama wannan muhawara ba. Wata biyu ba su cika ba bayan hukuncin, masu zaɓe a jihar Missouri suka yi watsi da dokar 'yancin yin aiki da rinjayen kusan kashi biyu cikin uku. Jihar Michigan, cibiyar ƙera motoci, ta kafa dokar a 2012, ta soke ta a 2023. Cibiyar bincike ta Economic Policy Institute, mai kusanci da ƙungiyoyin ƙwadago, ta ƙiyasta a 2015 cewa albashi a jihohin da ke da dokar ya gaza na sauran da kimanin kashi 3 cikin 100. Magoya bayan dokar suna amsawa da cewa rayuwa ta fi araha a jihohin, kuma masana'antu sun fi tururuwa can.

Tarihin fafutukar kafa dokokin 'yancin yin aiki ma yana da tabo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tallata ta a shekarun 1940, Vance Muse na jihar Texas, da wariyar launin fata ya riƙa jan hankalin mutane, yana tsoratar da fararen fata cewa ƙungiya za ta haɗa su inuwa ɗaya da baƙaƙe. Martin Luther King ya soki waɗannan dokoki, kuma yana birnin Memphis ne don mara wa masu kwashe shara baya a yajin aikinsu lokacin da aka harbe shi a 1968. Haka nan sananne ne cewa manyan masu kuɗi suna zuba dukiya a fafutukar, kuma ba duka ne don ƙaunar ma'aikaci ba. Sai dai mugun nufin mai ɗaukar nauyi ba ya soke haƙƙin mai ƙara. A kan dala 45 ɗin Janus, tambayar tana nan: da izinin wa aka cire?

Ƙungiya tana rayuwa ba tare da tilas ba?

Wannan ita ce fargabar shugabannin ƙwadago, kuma akwai amsa a aikace. A farkon 2018 malaman makarantun gwamnati na jihar West Virginia, wadda ke da dokar 'yancin yin aiki, suka rufe makarantun jihar kaf na kwana tara na karatu, suka samo ƙarin kashi 5 cikin 100. A watan Afrilun 2024 ma'aikatan masana'antar Volkswagen da ke Chattanooga a jihar Tennessee, inda ba a tilasta wa kowa biyan ko sisi, suka zaɓi shiga ƙungiyar ma'aikatan ƙera motoci ta UAW da rinjayen kashi 73 cikin 100.

A arewacin Turai darasin ya fi fitowa fili. A Suwidin da Denmak kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikata 'yan ƙungiya ne, yayin da a Amurka adadin ya sauko daga kashi 20.1 a 1983 zuwa kashi 9.9 a 2024. Babban abin da ke jan ma'aikaci a waɗancan ƙasashe shi ne amfanin da yake gani da idonsa, musamman asusun tallafin rashin aiki da ke da alaƙa da ƙungiyoyin. Ɗan ragowar tsarin sai-da-kati da ke Denmak ma kotun Strasbourg ta rushe shi a watan Janairun 2006.

Akwai kuma shari'ar wani direban tasi a ƙasar Iceland, Sigurdur Sigurjonsson. Ya daina biyan kuɗin ƙungiyar direbobi ta Frami, aka soke masa lasisin aiki. A 1993 kotun Strasbourg ta ce 'yancin shiga ƙungiya ya ƙunshi 'yancin ƙin shiga. Wannan ƙa'ida tana cikin sashe na 20 na Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948, tana kuma cikin sashe na 10 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi.

Haka muka tarar

Na tuna ranar da na karɓi takardar albashina ta farko. Na bi ta layi-layi da yatsa, kamar yadda kowane sabon ma'aikaci ke yi. Ga haraji, ga fansho, sai ga wani layi na kuɗin ƙungiya. Ban cike fam ba, ba wanda ya zo ya gaya mini sunan shugaban reshenmu ko inda ake taro. Na je wurin dattijon akawun da ke haɗa albashi na tambaye shi. Ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce, "Ƙanena, haka muka tarar. Kowa ana cire masa." Da an tambaye ni a ranar, da na shiga da hannu bibbiyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba a tambaye ni ba.

Wannan "haka muka tarar" yana da asali. A 1978 gwamnatin sojan Najeriya ta Janar Olusegun Obasanjo ta fitar da Doka ta 22, ta narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi zuwa manya 42, ta kafa ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a matsayin uwa ɗaya tilo, da Hassan Sunmonu a matsayin shugabanta na farko. Aka kuma wajabta wa masu ba da aiki su riƙa cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Tsarin ya ba ƙwadago ƙarfi da kuɗin da bai taɓa samu ba, kuma da wannan ƙarfi ya tsaya wa talaka a lokuta da dama.

A 2005, Obasanjo yana shugaban farar hula, aka gyara dokar. Sashe na 12(4) ya ce zama ɗan ƙungiya ganin dama ne, ba za a tilasta wa ma'aikaci shiga ba, ba kuma za a muzguna masa don ya ƙi shiga ko ya fita ba. Gyaran ya kawo ƙarshen zaman NLC uwa ɗaya tilo, ya buɗe wa wata uwar ƙungiyar ƙwadago, TUC, hanya. Ya wajabta ƙuri'a kafin yajin aiki, ya hana tilasta wa wanda ba mamba ba shiga yajin, ya kuma hana tare manyan hanyoyi da filayen jiragen sama. Mutane da yawa sun ɗauki gyaran a matsayin ramuwar gayya kan yajin aikin da NLC ta yi ta kira kan farashin man fetur a zamanin shugabanta Adams Oshiomhole, kuma da wuya a ce ba su da hujja. Duk da haka haƙƙin ya shiga doka. A aikace, kotun ma'aikata ta sha bayyana cewa ƙaramin ma'aikaci ana ɗaukarsa mamba ne har sai ya rubuta cewa ya fita, babban ma'aikaci kuwa sai ya rubuta cewa ya shiga. Ma'aikata nawa aka taɓa zaunar da su aka yi musu wannan bayani?

A tashar mota abin ya fi tsanani, domin can babu takardar albashi. Je ka babbar tasha da sassafe ka tsaya kusa da teburin 'yan yuniyan. Direba bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba, ya riga ya yanki tikiti. In mota ta cika, ɗan kamasho ya cire nasa kafin a miƙa masa sauran. Yuniyan tana da ranarta: ita ke tsare layi kada mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi, ita ke nemo kayan fasinja in sun ɓata, ita ke bin direba ofishin 'yan sanda ko asibiti ranar tsautsayi. Amma direban da ya ce ba ya so ba shi da inda zai yi lodi, kuma ba kasafai ake karanta masa lissafin inda kuɗin ya tafi ba. Da rikicin shugabanci ya yi ƙamari, gwamnatin Oyo ta dakatar da yuniyan direbobi ta NURTW a 2019, ta Legas ma ta yi haka a 2022, kowacce ta naɗa kwamitin kula da tashoshi. Direba dai bai daina biya ba, mai karɓa ne ya sauya.

A jami'o'i, yajin ƙungiyar malamai ta ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ana cikinsa gwamnati ta yi wa CONUA rajista, ƙungiyar malaman da suka ce sun gaji da rufe aji. ASUU ta ce makircin raba kai ne. Ko da gwamnati tana da nata nufin, malamin da ya zaɓi wata hanyar neman haƙƙi bai ci amanar kowa ba.

Tilas ta ɗaya ɓangaren

Wanda zai yi adawa da tilas da gaskiya, dole ya ƙi ta ko daga ina ta fito. Gwamnatin Thatcher da ta yi yaƙi don kada a tilasta wa mutum shiga ƙungiya, ita ce a 1984 ta haramta wa ma'aikatan cibiyar leƙen asiri ta GCHQ zama 'yan ƙungiya, daga baya ta kori 14 da suka ƙi ajiye katinsu. Sai a 1997 aka ɗage haramcin. Zaluncin da aka yi wa waɗannan 14 daidai yake da wanda aka yi wa Webster.

Mun ga fuskokin biyu a watan Satumban 2025, a taƙaddamar ƙungiyar ma'aikatan man fetur ta NUPENG da matatar man Ɗangote kan direbobin sabbin tankokin kamfanin. Ƙungiyar ta yi zargin ana hana direbobin shiga cikinta, kamfanin ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne kuma bai hana kowa ba, har sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. Kowane ɓangare ya ce 'yancin direba yake karewa. Hanyar gane mai gaskiya a irin wannan ba ta da wuya: a ba direbobin takarda da akwati, ba manaja a kansu, ba jami'in ƙungiya a kansu, su faɗi abin da suke so.

A ƙasar da dubban matasa ke aikin wucin gadi shekara da shekaru ba takardar ɗauka, inda ake sallamar mutum da saƙon waya, ma'aikaci yana bukatar ƙungiya fiye da kowane lokaci, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka ne ma ya kamata ƙungiyar ta zama wadda ya shiga da ƙafarsa. Wanda aka turo ciki yakan zare jiki ranar da wuya ta yi wuya. Wanda ya shigo da yardarsa shi ke kwana a bakin ƙofar masana'anta.

Shugabannin ƙwadago, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku je wurin sabon ma'aikaci ku nemi yardarsa a rubuce. Ku manna lissafin kuɗin shiga da na fita inda kowa zai gani. Ku yi zaɓe a kan lokaci, ku kaɗa ƙuri'ar sirri kafin ku kira yajin aiki, ku bar wanda ya saɓa muku ya wuce lafiya. Masu kamfanoni, ku cire hannunku daga zaɓin ma'aikatanku, wanda ya ce zai shiga kada ya ga sauyin fuska. Kai kuma ma'aikaci, in albashin wannan wata ya shigo, ka duba takardarka da kyau. In ƙungiyarka tana yi maka aiki, ka biya da farin ciki, ka halarci taro, ka tsaya mata. In ba ta yi, ka tambayi dalili, domin tun 2005 dokar Najeriya ta ce da yardarka ake zama ɗan ƙungiya.